Furen Sawaro Da Masu Ba Da Haƙuri

  

Yau ba labari na kawo muku ba, saboda haka masu jiran ci gaban littafi su yi mini uzuri, wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro, na ga idan ban amayar da ita ba ba zan samu sukunin rubuta komai ba. Akwai wani hoto da kan yi yawo a wayoyin mutane, musamman a zaurukan WhatsApp na mata, hoton wata doguwar shuka koriya shar, jikinta duk ƙaya, tana tsaye a tsakiyar hamada, ga fararen furanni sun yi mata rawani a ka. A ƙarƙashin hoton sai a rubuta 'yar nasiha, wai mace ta yi koyi da wannan shuka, ba ruwa, ba inuwa, ba mai kula da ita, amma ta daure ta yi haƙuri har ta yi fure. Nan da nan sai ka ga ana ta tura hoton ana sa masa albarka. To ni dai a nawa ganin an yi wa shukar nan ƙage, an kuma yi wa matan da ake tura wa hoton rashin adalci, domin duk wanda ya bi diddigin yadda take rayuwa zai tarar labarinta ya sha bamban da abin da aka rubuta a ƙarƙashinta.

Bari mu fara sanin da wa muke magana. Sunan dangin wannan shuka kaktus, dangi ne kuwa babba, sun haura iri 1,400, kuma dukkansu 'yan asalin nahiyar Amurka ne, tun daga Kanada har zuwa Ajantina, in ka ɗebe iri ɗaya tak, wani siriri mai rataya a jikin bishiyoyi da ake samu a dazuzzukan Afirka da Madagaska da Siri Lanka. Wanda yake cikin hoton shi ne sarkinsu, a rubuce saguaro ne, amma a baki sawaro ake cewa. Duk wanda ya kalli finafinan kaboyi yana yaro ya san shi, shi ne dogon nan mai hannuwa a sama kamar wanda 'yan fashi suka tare a hanya. Masu zane da masu talla sun sha dasa shi a duk inda suke son nuna Tekzas, alhali kuwa ba ya fitowa a can da kansa ko ƙwaya ɗaya. Duk faɗin duniya ba ya tsiro sai a hamadar Sonora, wato kudancin jihar Arizona ta Amurka, da jihar Sonora ta Meziko, sai kuma wani ɗan yanki na Kalifoniya a gefen kogin Kolorado. Yakan kai tsawon ƙafa 40 har ya wuce, ya rayu shekara 150 zuwa 200.

Masu fassara sukan kira lokacin da Turawa ke fita daga sanyi da sunan bazara, abin da kan ba ni dariya, domin nasu lokacin iska ce mai daɗi da ɗanyar ciyawa, namu kuwa shi ne lokacin da mutum ke fito da tabarma tsakar gida yana fifita har asuba. Amma a hamadar Sonora fassarar ta faɗa daidai. Ƙananan kaktus su ke buɗe fage tun cikin Maris da Afrilu, wasu gajeru masu taruwa kamar bushiya su fitar da fure ja mai ratsin shunayya, masu faffaɗan ganye kamar faifai su biyo baya da ruwan ɗorawa. Shi kuwa sawaro sai ƙarshen Afrilu yake farawa, ya cika a watan Mayu, ya kai har cikin Yuni, daidai lokacin da ƙasar ta fi kowane lokaci bushewa, rana ta fi ƙuna, kowa ya ɗaga kai yana duban gabas ko hadari zai taso, domin ruwan daminarsu sai Yuli yake sauka. Ka ga bazararmu ke nan ba ragi. Furen fari ne tas, mai kauri kamar an shafa masa kakin zuma, faɗinsa kamar inci 3, tsakiyarsa cike da gari ruwan ɗorawa, ƙamshinsa kamar na kankanar da ta nuna ta wuce. Bayan faɗuwar rana yake buɗewa, kafin la'asar ɗin gobe ya rufe, ba kuma zai sake buɗewa ba har abada. Ko kwana ɗaya cikakke ba ya yi. Sai dai da yake tohon yana da yawa, kowane dare kaɗan ne ke buɗewa, a haka shuka ɗaya za ta ɗauki makonni tana fure. Tun 1931 jihar Arizona ta ɗauke shi a matsayin furenta na hukuma.

Har nan dai masu hoto ba su yi ƙarya ba, yana fure a lokacin da ya fi tsanani. Inda suka kauce hanya shi ne da suka ce ba inuwa.

Ya kai mai karatu, ƙwayar irin sawaro baƙa ce ƙanƙanuwa, ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Idan ta faɗi a fili, ko dai tururuwa da ɓeraye da tsuntsaye su cinye ta, ko kuma ta tsiro rana ta soye ta cikin 'yan kwanaki, ko sanyin hunturu ya daskarar da ita, ko dabba ta taka ta. Wadda ke tsira ita ce wadda Allah ya sa ta faɗi a gindin wata bishiya ko a lungun dutse. Masana tsirrai har suna suka ba irin waɗannan bishiyoyi, suna kiran su masu raino, kuma wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce palo verde, wato koren icce da Sifaniyanci, wata bishiya marar wani tsayi ko kwarjini, wadda ba wanda zai tsaya ya kalle ta sau biyu in ba lokacin furenta ba. Ita ce ke tare masa rana da rana, ta rage masa sanyi da dare, rassanta su kare shi daga kofato, ganyenta da ke zuba ya zama masa taki. Kuma rainon ba na wata uku ba ne ko na shekara biyu irin na yaye. A cikin shekara 8 na farko tsawon sawaro ba ya wuce inci 1 zuwa 1 da rabi, ko ɗan yatsanka bai kai ba. Sai ya kai wajen shekara 35 kafin ya yi furensa na farko, hannuwan nan kuwa da ake gani sai ya shekara 50 zuwa 70 kafin su fara fitowa, a inda ruwa ya yi ƙaranci ma har 100. Ke nan duk sawaron da aka ɗauki hotonsa da hannuwa da fure, ya shafe ƙuruciyarsa kaf a ƙarƙashin inuwar wata.

To ina ita wannan mai rainon a cikin hoto? Sau da yawa ba ta nan, ko kuma ka ga busasshen kututturenta a gindinsa. Ita dama ba ta kai shi tsawon rai ba, sannan masana da dama suna ganin shi kansa yana da hannu a mutuwarta, domin da ya girma sai saiwoyinsa su bazu a saman nata, duk ruwan da ya sauka shi ke fara shanyewa. Allah sarki! In dai mai haƙuri ake nema a hamadar Sonora to ga ta nan, ta reni ɗan da ba nata ba shekara da shekaru, ya girma ya ƙwace mata ruwa, ta mutu a tsaye, masu kyamara suka zo suka ɗauke shi shi kaɗai. Kai har sunan da masana suka raɗa wa sawaro a littattafansu a 1908 ma, sunan wani hamshaƙin attajiri ne, Andrew Carnegie, domin da kuɗinsa aka kafa ɗakin binciken hamada a birnin Tusan a 1903. Mai kuɗi ya samu takwara, mai raino ko a oho.

Kada wani ya zaci maganar inuwar nan hasashe ce, an gwada an gani, kuma da tsada aka gani. A gabashin Tusan akwai wani daji da sawaro ya cika maƙil, har ya sa gwamnatin Amurka ta keɓe shi a 1933, wanda daga baya a 1994 aka ɗaga darajarsa ya zama gandun ƙasa. Waɗanda suka ga wurin a farkon keɓe shi sun ga manya-manyan sawaro kamar an yi shuka, sai dai abin da ido bai lura da shi ba, babu yara a cikinsu. Dalili kuwa, tun shekaru da dama kafin nan masu gasa farar ƙasa da masu neman itacen girki sun sare bishiyoyin da ke raino, shanu kuma suna kiwo suna tattake duk abin da ya tsiro. Manyan suna nan tsaye suna fure duk bazara, suna zubar da iri, amma irin ba ya samun inda zai fake. Da tsofaffin suka fara faɗuwa, wasu don tsufa wasu don tsananin sanyin da aka yi a wasu shekaru, sai dajin ya riƙa yin fili, hankalin mutane ya tashi, har aka yi ta zargin wata cuta ce. Sai da aka hana sara, aka kuma fitar da shanun gaba ɗaya a 1979, bishiyoyi suka dawo, sannan ƙananan sawaro suka riƙa bayyana a gindinsu. Ka lura da kyau, haƙurin shukar bai ƙaru ba kuma bai ragu ba a duk tsawon wannan lokaci. Abin da ya tafi ya dawo inuwa ce.

Sai maganar ba ruwa. Gaskiya ne ruwan da Tusan ke samu a shekara bai wuce inci 12 ba, ko rabin na Kano bai kai ba. Amma sawaro ba zaman jiran gawon shanu yake yi ba, ma'aji ne na gaske. Yawancin saiwoyinsa inci 4 zuwa 6 kacal suke a ƙarƙashin ƙasa, amma sun bazu ko'ina da nisan da ya kai tsawonsa, ta yadda ko yayyafi aka yi sai ya samu rabonsa kafin rana ta ɗauke. Jikinsa a ninke yake kamar zugazugin maƙeri, idan ya sha ruwa sai ninkin ya buɗe ya yi ƙiba, idan fari ya yi tsawo ya riƙa tsukewa a hankali. Babban sawaro da ya ƙoshi da ruwa yakan haura tan 2. Ganye kuwa ya daɗe da sallamawa, ƙayoyin nan su ne a madadinsa, don kada ruwa ya tsere ta nan, sannan ƙananan ƙofofin numfashin da ke fatarsa a rufe suke wuni, sai dare ya yi sanyi yake buɗe su. Da wannan ajiya yake yin fure a watan Mayu ko da shekarar ta zo da fari. Wato furen da ake nuna mana a ce ladan haƙuri ne, da ruwan bara aka biya kuɗinsa. Af, kuma abin nan da ake yi a fim, ɗan kaboyi ya sare kaktus ya kwankwaɗi ruwa, kada wanda ya je ya gwada, ruwan yawancinsu amai da gudawa yake sawa.

Yanzu ga lissafin da ya fi tsaya mini a rai. Ɗa guda na sawaro yana ɗauke da ƙwayoyin iri wajen 2,000, kuma an ƙiyasta shuka ɗaya za ta iya zubar da iri har miliyan 40 a tsawon rayuwarta. Cikin wannan miliyoyi, in aka yi dace, ɗaya ne ko 'yan ƙalilan za su girma su gaje ta. Irin kuma ba ya iya kwanciya a ƙasa ya jira shekara mai kyau kamar na wasu ciyayi, in bai tsiro a daminar da ya faɗi ba shi ke nan, shi ya sa sai an samu shekaru masu ruwa a jere ake samun sabon zubi, tsakanin wani zubin da wani kuwa ana iya shafe shekaru masu yawa. To don Allah, wanda ya nuna maka guda ɗayan da ya tsira ya ce ka ga amfanin haƙuri, me zai ce game da sauran? Su ba su yi haƙurin ba ne? A rana ɗaya suka kwanta, ƙishirwa ɗaya suka sha, bambancin kawai su a fili suka faɗi.

Wannan shi ne abin da ke damuna, domin na san irin waɗanda ake tura wa hoton. Mu marubuta da muke sa lambar waya a bayan littafi, Allah kaɗai ya san abin da kunnuwanmu suke ji. Mace za ta kira ka da tsakar dare tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce Anti labarin nan da kika rubuta kamar a gidanmu kika zauna. Wata ta gaya mini shekararta 9 da aure, rabon da a ba ta kuɗin cefane cikakke har ta manta, ɗinkin da take yi an hana ta wai yana jawo shigowar mata gidan, gidansu kuma in ta je ko mayafi ba ta cirewa ake cewa ta tashi ta koma, kowace mace da haka ta zauna. A ce wannan baiwar Allah ita za a tura wa hoton sawaro? An sare mata inuwa, an fasa mata randa, an ce ta yi fure. Idan da gaske ake so ta yi koyi da shukar, to sai a fara da mayar mata da keken ɗinkinta, shi ne ajiyar ruwanta, sannan iyaye da yayye su koma matsayinsu na palo verde. Labaran da ake so a kasuwa su ma suna da nasu kason a nan, domin mai karatu ya saba da jarumar da za ta sha wuya tun daga littafi na ɗaya har na uku, a shafi na ƙarshe miji ya durƙusa yana kuka, a saya mata mota, a tafi Umara. Guda ɗayan da ta tsira ke nan. Waɗanda hawan jini ya kwantar, da waɗanda aka sako da 'ya'ya biyar bayan ƙuruciya ta ƙare, ba kasafai ake sa su a bango ba.

Na san wani zai ce, haba Hajiya, abin duk bai kai nan ba, misali ne kawai aka yi don a kwantar wa mutum da hankali, kuma ai mahaƙurci mawadaci. Ban musa ba. Ni ban ce haƙuri ba shi da kyau ba, wanda duk ya zauna da mutane ya san ba a zama sai da shi, kuma akwai jarrabawar da ba ta da magani sai shi, kamar rashi da ciwo. Ita kanta shukar ai tana da nata, shekara 35 kafin fure ba wasa ba ne. Rigimata da masu ba da haƙuri ce, waɗanda suka mayar da kalmar wata hanyar sallamar mai kuka, domin faɗinta ba ya cin ko sisi, alhali tsayawa a bincika a tsawatar wa mai zalunci yana cin lokaci, yana kuma iya ɓata zumunci. Kuma misali ba ƙaramin abu ba ne, mu da muke sana'ar magana mun san haka. Mace za ta manta da doguwar nasiha, amma hoto zai zauna mata a zuciya, duk ranar da ta ji ta gaza sai ta ce laifinta ne, ga shuka ma ta iya.

Alhali ita shukar ko furen nata ba ya zama ɗa sai da taimakon wasu. Garin furen sawaro ba ya yi masa amfani a kansa, dole sai an ɗauko na wani sawaron an kawo masa. Da dare jemagu ne ke wannan aiki, wasu masu dogon hanci da ke tasowa tun daga Meziko suna bin furanni zuwa arewa, matansu da ciki, su haihu a kogunan duwatsun Arizona. Da safe kuma ƙudan zuma da wata kurciya mai farin fiffike su karɓa. Jemagun nan a 1988 an sa su cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, a lokacin waɗanda aka iya ƙirgawa ba su kai 1,000 ba, aka tashi tsaye aka tsare kogunansu, zuwa 2018 sun kai wajen 200,000 aka cire su daga jerin. Mutanen da suka fi kowa sanin sawaro kuwa, wato ƙabilar Tohono O'odham, waɗanda ma'anar sunansu mutanen hamada, ba sa ma kallon sa a matsayin icce, ɗan uwa suke ɗaukar sa. A ƙarshen Yuni idan 'ya'yan suka nuna suka tsage, cikinsu ja wur, sai su fita da sassafe da dogayen sanduna da suka haɗa da haƙarƙarin mataccen sawaro, su kakkaɓo, su dafa su yi maɗi kamar yadda ake yi da ɗinya a wajenmu, wani kason kuma su tsima shi don bikinsu na roƙon ruwa, wannan al'adarsu ce. Daga nan sabuwar shekararsu take farawa. Ɓawon kuma sukan ajiye shi a ƙasa jan cikin yana kallon sama.

Sannan jurewar tana da iyaka, wannan ma an gani. A 2023 birnin Finiks ya yi kwana 31 a jere zafi bai sauka ƙasa da digiri 43 da rana ba, kuma sama da mako biyu ko da dare bai sauka ƙasa da 32 ba. Ka tuna na ce sai dare ya yi sanyi sawaro yake buɗe ƙofofinsa ya yi numfashi. Da daren ya ƙi sanyi sai manyan sawaro a cikin birnin suka riƙa zubar da hannuwa, wasu suka kife gaba ɗaya, har a lambun da ƙwararru ke kula da su. Abin tsoron shi ne ba ya nuna alama da wuri, yana nan tsaye kore kamar lafiya lau, ashe ciki ya daɗe da lalacewa, sai wata rana kawai a ji rugum. Duk wanda ya taɓa zuwa ta'aziyyar macen da ake cewa ai ita ba ta taɓa kai ƙara ba, ya san irin wannan faɗuwar.

Wata masifar da ke cin sa a yanzu kuwa daga nahiyarmu ta je. Akwai wata ciyawa 'yar uwar ƙarangiya, 'yar asalin Afirka da yankin Asiya, da aka kai Arizona a shekarun 1930 don kiwon shanu da tare zaizayar ƙasa. Da, tsakanin shuka da shuka a hamadar fili ne, ko gobara ta tashi ba ta samun abin ci sai ta mutu. Ciyawar nan ta zo ta cike filin, ta bushe ta zama makamashi, wuta ta samu hanya. Ita in ta ƙone da ruwan farko take dawowa, shi kuwa sawaro mai shekara 100 in ya ƙone ya tafi ke nan, haka ma mai rainonsa. Har yau mutanen Tusan kan fita aikin gayya da ƙarafan haƙa suna tumɓuke ta da hannu. Ga kuma ɓarayi, domin kyan furen ya jawo wa dangin kaktus farin jinin da ya zame musu bala'i. Wani babban bincike da aka fitar a 2015 ya nuna kashi 31 cikin 100 na ire-irensu suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma haƙe su a sayar wa masu ado na cikin manyan dalilai. Dokar Arizona ta hana a cire sawaro ba da izini ba, har ta kai ma'aikatan gandun suna cusa wa wasu 'yar na'urar shaida a jiki don a gane su in an sace.

A nan gida mutane kan ga tinya ko ƙerana su ce ga kaktus, saboda ƙaya da kaurin jiki. Kama ce kawai, ba dangi ba ne. In kana son ganewa ka ɗan yanke ta, in farin ruwa kamar madara ya fito to tamu ce, kuma ka kiyayi idonka, domin ruwan tinya yana iya makantarwa. Furensu ma ƙanana ne, sai ka matso za ka gan su. In dai furen rani ake nema wanda idonmu ya sani, ai ga kariya nan, mai kumburarren gindi, wadda kan zubar da ganye ta tsaya tsirara a tsakiyar rani, sannan ta fitar da furanni ja-ja masu haske kamar an yi mata kwalliyar biki. Turawa furen hamada suke kiran ta, a ƙasar Tailan kuwa har gonakinta ake yi ana sayarwa duniya, mu nan tana bakin shinge awaki ma ba sa kula ta. Ita ma dai ba da iska take yin furen ba, wannan kumburin na gindinta ruwan damina ne ta ɓoye. Masu son haɗa hoto da nasiha suna iya gwadawa da ita, ta fi kusa, ba sai an je Arizona ba. Sai dai kafin su tura wa kowa su sani, dalilin da ya sa awaki ba sa taɓa ta shi ne ruwan jikinta dafi ne, da shi maharba a sassan Afirka da dama suke shafe bakin kibiya.